Maigadin da Ya Tona Asirin Ƙarfen Sabis

Da an sallame sallar asuba, Malam Abdurra'uf kan ɗauki tsintsiyarsa ya nufi bayan gari, inda wani kamfanin waya ya kafa ƙarfen sabis a tsakiyar gonakin gero na Ɗorawar Malam, wani ɗan ƙauye da ke kusa da Gafasa. Ya buɗe kwaɗo, ya share cikin shingen tas, ya goge janareta da tsumma kamar mai shirin kai ta kasuwa, ya leƙa tankin mai duk da ya san abin da zai gani. Sannan ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa. Shekara goma sha ɗaya yana wannan gadi, ko ranar salla bai taɓa fashi ba.

Masu wucewa gona sukan ɗaga masa murya, "Malam, yau ƙarfen naka ya farka kuwa?"

Ya ce, "Yana nan yana ta barcinsa, sai addu'a."

Ana dariya, amma abin ba na dariya ba ne. Hukumar da ke ba kamfanonin waya lasisi ba don kyan fuskarsu take ba su ba. Akwai sharaɗi: duk inda kamfani ya ce ya kai sabis, dole kira ya shiga, ya kuma fita. A takarda, Ɗorawar Malam na cikin garuruwan da aka wadata. A ƙasa kuwa, mai son gaisawa da ɗansa a Kano sai ya hau babur ya kama hanyar Gaya yana ɗaga waya sama. Motar mai ba ta zuwa sai in jami'an hukuma na tafe duba aiki. Ana saura kwana biyu za a kawo mai, janareta ta ɗau ruri, wayoyi su yi ta ƙara a gari kamar ana biki. Baƙi na juya baya, mai ya ƙare, shi ke nan sai wani jiƙon. Kada wani ya kira wannan sakaci. Ha'inci ne tsagwaronsa, kuma masu tsara shi sun san abin da suke yi.

Amma in za a faɗi gaskiya, mu ma da hannunmu a ciki. A nan ba a kai kuka gaban baƙo. Baƙo ya zo, a yi masa shimfiɗa, a dama fura, a yanka zabuwa. In ya tambayi lafiyar gari a ce masa sai alheri, ko da garin na ci da wuta. Sau uku jami'an suna zuwa, suna gwada waya su ga komai daidai, su tambayi jama'a ko akwai ƙorafi. Sau uku mai gari yana amsawa, "Alhamdu lillahi, ba mu da abin cewa sai godiya." To, ya za a yi? Ga wakilin kamfani kan tabarma ɗaya da su, ludayi a hannu, wa zai kunyata mutum yana cikin shan furarka? Kamfanin ya karanci halinmu sarai, ya mai da kunyarmu katangar da yake ɓoye ɓarnarsa.

Ana nan, a kakar shekara uku da suka wuce, ana yankan gero da hantsi, kububuwa ta sari wani magidanci, Kamilu, a gonar da ke jikin shingen. Aka ɗauko shi aka kwantar a gindin ƙarfen. Mutum kusan goma, kowa da waya a hannu, aka rasa wadda za ta kira mota. Kafin mai babur ya je Gafasa ya samo motar, a kai Kamilu asibiti, rai ya yi halinsa. Ajali ne, ba mai musun wannan. Amma Malam Abdurra'uf ne ya riƙe kansa a cinya duk tsawon jiran, kuma shi ya yi masa wanka.

Bayan wata huɗu aka sake kawo mai, kowa ya san baƙi na hanya. Wannan karon wata injiniya ce ta jagorance su, Umaima. Ta yi gwaje-gwajenta, ta zauna a ƙofar mai gari, ta yi tambayar da aka saba. Mai gari ya buɗe baki ke nan zai fara godiya, sai Malam ya cire takalmi ya durƙusa. Ya san wannan gadi shi ne tuwon gidansa, gonarsa ba ta kai shi ko rabin shekara.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, zan yi magana gaban baƙi." Ya juya wajen injiniyar. "Hajiya, shekaranjiya aka tayar da injin nan. Rabonsa da aiki tun kafin damina. In kina son ganin gaskiya, ki dawo ranar da ba wanda ya san da zuwanki."

Wakilin kamfani ya ajiye ludayi. "Kai maigadi, wa ya sa da kai? Ka manta inda kake samun abin da kake ci da iyali?"

"Ban manta ba, yallaɓai. Ban kuma manta wanda na wanke da hannuna ba."

Kada ku ɗauka an tafa masa. Mai gari ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwarsa, wai ya zubar wa gari da mutunci. Matarsa Hajara ta tare shi tun daga zaure, "Haba Malam, gari guda ya yi shiru, sai kai kaɗai aka yi wa baki?" Shi ma ya san tsoronta na kan hanya.

Injiniya Umaima ba ta watsa masa ƙasa a ido ba. Bayan mako uku ta sauka Gafasa a motar haya, ta hau acaɓa ita kaɗai, ta tarar da janareta ta yi sanyi ƙalau, wayarta kuma ba ko ɗigon sabis. Ta rubuta abin da ta gani. Hukuma ta ɗiba wa kamfanin wa'adi, ta kuma tuna masa cewa wanda ya ba da lasisi yana iya karɓe abinsa. Abin da aka yi shekara da shekaru ana cewa ba hali, cikin kwana goma aka gama shi, har da kafa sola.

Ranar da sabis ya dawo, Malam na zaune bakin shingen wayarsa ta yi ƙara. Manajan yanki ne, ya ce kamfani ya gode da hidimarsa, gobe ya miƙa makullai ga sabon maigadi. Waɗanda ke wurin sun ce ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Na ji, yallaɓai. Yau kam na ji ka raɗau, ko sau ɗaya ba ta yanke ba."

Na Hajara, namijin duniya! Kai ne ka ji kunya kamar yadda kowa ya ji, ka ji tsoro fiye da kowa, amma ka buɗe baki. Masu digiri sun tsara ƙarya a ofis mai sanyi, kai da ko takardar firamare ba ka da ita ka rushe ta kana durƙushe. Yau kana tufkar igiya a ƙofar gida, ba wanda ya kira taro don karrama ka, waɗanda suka cuce mu kuwa suna nan kan kujerunsu. Wannan yana min ciwo, kuma ba zan ɓoye ba.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya buɗa maka ta inda ba ka zato. Ku kuma mutanen Ajingi da Gaya, doka ba ta da ido sai naku, ba ta da baki sai naku. In mai duba aiki ya tambaye ku, ku faɗa masa abin da ke akwai. Duk wanda wayarsa ta yi ƙara yau a Ɗorawar Malam, ya sani da tuwon gidan wani aka saye ta.