Kwalaben da Alhaji Ya Ce Ba Nasa Ba Ne

Har gobe ban manta da Juma'ar da na tsaya a bakin titi a unguwar Belleville ta Paris ina fasa kwalabe a gaban dattawanmu ba. Ƙarshen watan Nuwamba ne, a tsakiyar shekarun 1980. Ku da kuka shigo aikin sito kwanan nan kuna jin ana ce mini Sani Kwalba, kuna ƙunshe dariya, kuna zaton ban lura ba. To ku gyara zama ku ji inda sunan ya samo asali.

A lokacin ina aiki a kantin Alhaji Mamman, mutumin Maradi, ɗan kasuwa mai aika kaya gida daga Paris. Ni ne magaziniye, wato mai kula da sito. Ni nake karɓar kaya, in jera su a ɗakin ƙasa, in kuma cika kontena idan lokacin aikawa ya yi. Ga wanda bai san aikin ba, kontena ko ta cika ko ba ta cika ba jirgin ruwa haka zai ɗauke ta zuwa Kwatano, daga can tirela ta kai ta Maradi. Saboda haka duk ratar da aka bari tsakanin firji da keken ɗinki asara ce. Alhaji kuwa in ya ga rata a kontena sai ka ce haƙori aka cire masa.

A shekarar ne aka kawo wata ƙatuwar randa koriya aka girke a kusurwar titinmu, da ɗan rami a samanta. Ta kwalabe ce. Tele, wato talabijin, ba ta da zance sai a kai kwalabe can, za a narke su a ƙera sababbi. Ranar Lahadi da hantsi sai ka ga Bature ya fito, igiyar kare a hannu ɗaya, jakar kwalabe a ɗaya, yana jefawa tas, tas, yana murmushi kamar wanda ya ba da sadaka.

Ranar da Alhaji ya fara ganin haka, sai ya kira ni bakin ƙofa.

"Sani, mi nike gani haka? Kwalba lahiyayya, ba tsaga ba komi, a hwasa ta?"

Na ce, "Alhaji, narkewa za a yi, a ƙera wasu."

"A hwasa mai kyau don a yi mai kyau? Wanga wane irin hankali ne?"

Nan take ya tuna mini da abin da na sani tun ina yaro: a gida mai man gyada kwalba take nema, mai zuma kwalba, mai kananzir kwalba. Ga ta nan ana zubarwa, ga kuma rata a kontena. Na ce masa ai akasarinsu na giya ne. Ya ce ya tambayi malamai, gilashi in an wanke shi ya tsarkaka. Sannan ya ƙara wata magana wadda da ina da wayo da tun a nan na tsaya. Ya ce in riƙa bi ta ƙofar baya.

Ga yadda aikin yake. Bayan azahar in je kafen Madam Odette, wata dattijuwa mai gidan shaye-shaye a ƙasan titi, wadda ta ji daɗi an raba ta da wahalar kai kwalabe randa. In kwaso su a buhu, in sauka da su ɗakin ƙasa, in jiƙa a ruwan zafi, in kankare takardar jikinsu da wuƙa, in wanke da sabulu, in kife su su bushe, sannan in naɗe kowace a tsohuwar jarida. Kwalaben suna fita fes. Ni ne dai ban fita ba. Warin ya kama rigata, ya shiga ƙarƙashin farcena, ya zauna a jaket ɗina na sanyi. Wata rana a metro, jirgin ƙasan cikin gari, wani Bature mai jan hanci ya shinshine ni, ya kashe mini ido ɗaya kamar ya ga ɗan uwa. Na ji kamar in nutse.

Ana nan sai Malam Issufu, wani mutumin Tawa mai sayar da turare, ya gan ni ina fitowa ta bayan kafen, buhu a kafaɗa yana ƙwal-ƙwal. Da ya tambaye ni da an wuce wurin. Bai tambaya ba. Gaisuwa ya ja mini mai tsawo, ina gajiya, ina sanyi, ina labarin gida, yana matsowa yana buɗa hanci, shi da hancinsa ne sana'arsa. Mako bai zagayo ba sai aka ce mini in huta da kiran salla a ɗakin da muke haɗuwa, wai an ga aiki ya yi mini yawa. Na shiga sahu, wanda ke kusa da ni ya ɗan janye kafaɗa.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne kaset ɗin Inna. A wancan zamani da kaset muke magana da gida, a naɗi murya a ba matafiyi. Wanda aka kawo mini na gane shi, ni na aika wa ƙanena shi, cike da waƙoƙin Faransa da rediyo ke ta sawa a shekarar. A kansa suka naɗa. Na danna, wata yarinya ta fara rera waƙa da ganguna, sai ƙit, muryar mahaifiyata ta shigo tana rawa.

"Sani, ɗiyan mutane sun tahi Faransa sun aiko da suna mai kyau. Kai an ce buhu-buhu kake ɗauka. In ƙarya ce, Allah shi isar maka. In gaskiya ce, kada ka zo kan gawata."

Na ji ta share hanci, sai yarinyar nan ta dawo da waƙarta kamar ba a yi komai ba.

Na ɗauki kaset ɗin na kai wa Alhaji. Na roƙe shi abu ɗaya, ya tashi ranar Juma'a ya gaya wa jama'a shi ya sa ni.

Ya ce, "Haƙuri za ka yi, Sani. Zancen mutane iska ne. Ni da na je Makka, in miƙe cikin jama'a in ce ina tara kwalaben giya? Kai yaro ne, za a mance."

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Kuma bai ko bari na huce ba ya miƙo mini makullin kamyo, motarmu ta ɗaukar kaya. Wai in shirya zuwa Lyon. A yankin nan, duk watan Nuwamba sabuwar giyarsu take fitowa, sai gari ya ruɗe, a manna takardu a tagogin kafe, tele da rediyo su yi ta shela kamar an ga watan Salla. Alhaji shi kwalaben da za su biyo baya ya hango. Yana da ɗan ƙane, Habu, mai aiki a masana'antar sinadarai a Saint-Fons, kusa da Lyon, ya riga ya sa shi ya bi masu kafe ya tara.

Na isa ranar Alhamis. Habu ya kai ni wani garejin da ya ɓoye su, har da tamfol a kai. Ba a wanke ko ɗaya ba. Muna lodi yana waige-waige, ya ce, "Yaya Sani, kawu ya ce kada kowa shi ji sunanshi cikin zancen ga." Na ci gaba da lodi.

Washegari bayan asuba na kamo hanya. Kwalabe suna kaɗawa a bayana, in na rufe taga wari ya shaƙe ni, in na buɗe sanyi ya yanke mini kunne. Muryar Inna ce kawai take yi mini yawo a kai. Kafin in shigo Paris tura ta kai bango.

Al'adar Alhaji ce bayan sallar Juma'a dattawa su taru a kantinsa a sha shayi. Na san haka. Maimakon in shiga lungun baya, sai na tsayar da kamyo daidai ƙofar kanti, na wangale bayansa. Warin ya riga ni shiga. Na yi sallama, na gaida kowa da sunansa, har Malam Issufu, sannan na ɗaga murya.

"Alhaji, ga kwalabe na kawo daga Lyon. Ina za a sauke?"

Ko gezau bai yi ba. Ya kurɓi shayi ya ce, "Waɗanne kwalabe? Ni ban san zancen ba."

Malam Issufu ya yi salati a hankali, yana kallon sauran, irin kallon nan na ai na gaya muku.

Na ce, "To madalla. Tunda ba na kowa ba ne, bari in kai su inda ake kai marasa mai su."

Na sungumi akwati ɗaya na nufi randar nan koriya, wadda ana hango ta daga cikin kanti. Na jefa ta farko, tas! Na waiga, Alhaji yana hura shayi. Na jefa ta biyu. Na ci gaba, ba na gaggawa, kowace sai na ɗaga ta an gani. Wata tsohuwa da karenta ta tsaya ta ce mini, "Bravo, monsieur!" Gaskiya a nan na fara lissafi. In Alhaji ya daure, ni na zama mashayi kuma mahaukaci, ga aiki ya tafi.

Sai hannuna ya faɗa kan wata babba mai kauri, mai lotsattsen gindi, irin wadda Alhaji yake shafawa yana cewa wannan ko daga kan raƙumi ta faɗo ba ta fashewa. Na ɗaga ta sama, na juya ta a haske, na kai ta bakin rami.

"Kai, Sani! Ba wannan ba! Ta zuma ce! Aje mini kwalabena!"

Ga Alhaji a tsakiyar titi, kofin shayi a hannu, takalmi a ƙafa ɗaya. Ya tsaya, ya ji abin da bakinsa ya faɗa, ya waiga. Dattawa sun cika ƙofa. Wanda ya fara fashewa da dariya shi ne Malam Abdu, babbanmu duka, har sai da aka riƙe masa sanda.

Da Malam Abdu ya nutsu sai ya ce a kawo rediyo mai kaset, aka saka kaset ɗin nan na Inna, aka danna naɗi. A nan cikin kanti ya sa Alhaji ya gaida Inna, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya sa ni, kuma bai taɓa ganin na kai kwalba baki ba. Ya juya kan Malam Issufu ya ce, "Kai ma matso. Hancin da ya kai labari Maradi, bakinshi shi bi shi." Malam Issufu ya yi magana ƙasa-ƙasa, aka sa shi ya maimaita.

Alhaji bai kore ni ba, don wa zai wanke masa? Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata da kyau, ni ma ban matsa ba. Na koma kiran salla. Kwalabe kuma na ci gaba da kwasowa, amma da safar hannu, kuma ta ƙofar gaba. Sunan ne dai ya manne, ruwan zafi bai kankare shi ba.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. A aikinmu kaya ba su da laifi, ko tsumma ne ko kwalba, wani ya yar wani yana nema. Amma duk ranar da patron, wato mai gidanku, ya ce ku bi ta ƙofar baya, ku tsaya ku tambaya a jikin wa warin zai zauna. Mutanenmu kuma ku san halinsu, sun fi saurin aika labari gida a kan su tako su tambaye ka.

Amsar Inna ta zo bayan sabuwar shekara, a kan kaset ɗin nan dai na yarinya mai ganguna. Ta yi hamdala, ta yi kuka, ta sa mini albarka har sai da na share ido. Na kai hannu zan kashe ke nan sai ta gyara murya.

"Sannan, Sani, tunda kai ne mai wanke su, ka zaɓo mini masu kaurin gindin nan ka aiko da sunana. Na wajen Alhaji kafin in je an kwashe."