Roƙon Ƙasa a Bungudu

Shekarar da na yi aure, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba, masu farautar gafiya suka saki wuta a daji, ta ci gonar da mahaifina ya bar mini a hanyar Magami. Wutar ciyawa ba ta kashe gona, wucewa take yi. Tawa kuwa ta tarar da tarin kara da wasu manyan itatuwa da na sare, ta zauna tana ci kwana da kwanaki, har ƙasar ta yi ja ta ƙeƙashe kamar gindin tukunya.

Da damina na shuka gero, ya fito rawaya ya tsaya iya gwiwa. Wake ko yaɗo bai yi ba. Baffana ya ce in bar ta in sari sabon daji, amma ni gonar nan ita ce kaɗai abin da ya rage mini na mahaifina, ga matata da ciki, rumbu kuma ya kusa ƙasa.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce ƙasar ce ta mutu, sai an ɗebo mai rai daga gonar wake an barbaɗa mata, yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara. A yau jikokina suna cewa wasu ƙananan halittu ne a ciki da ido ba ya gani. Mu dai rai muka sani.

Sai dai a lokacin kowa ya yarda cewa wanda ya ɗebi ƙasar gonarka ya ɗebi albarkarta. Duk wanda na tambaya sai ya tuna yana da uzuri. Saura mutum ɗaya, surukina, mahaifin matata, a Bungudu, wanda ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba.

Na kora jaki na tafi. Na durƙusa a bakin zaure na yi gaisuwa, na tambayi gida, na tambayi dabbobi, na sake tambayar gida. Kunya ta ɗaure mini harshe, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa ya dubi jakin, ya dubi mangalar da babu komai a ciki, ya miƙe ya ɗauki fartanya.

Bai kai ni gefen gona ba. Tsakiya ya nufa, inda wakensa ya fi yin kyau, ya haƙa da hannunsa har da saiwoyi masu ƙulle-ƙulle, ya cika mangalar da ƙasar, ya rufe da ɗanyen ganye. Ya ce in hanzarta kada rana ta busar da ita, in barbaɗa a ramin shuka, in fara da wake kafin gero.

Haka na yi, waken ya kama, shekara ta zagayo gero ya biyo baya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tsohon nan ya yarda da abin da kowa ya yarda da shi. A ganinsa albarkar gonarsa yake loda mini. Da muka ɗaure mangala na daure na ce, "Baba, gonarka fa?"

Bai dube ni ba, ya gyara igiyar jakin.

"In ta rage, ta rage," in ji shi. "Wadda za ta ci hatsin ga, ai ɗiyata ta. Tahi, rana na yi."