Wanda Ya Ɗauki Hoton Tsoho Pyo

A garin Andong, idan aka haifi mutum, dangi sun riga sun yanka masa rayuwarsa sun ɗinke, nasa kawai ya zura. Pyo Dowon kuwa tun tana ƙarama rigar ba ta shige ta ba.

Ita kaɗai Tsoho Pyo ya haifa, uwarta ta rasu da wuri, don haka a shagonsa na wainar shinkafa ta tashi, tsakanin madambaci da buhunan gari. A makaranta ƙawayenta suka fara haukan samari, wannan ta yi kuka, waccan ta daina cin abinci. Dowon ta zuba ido tana jiran nata ya zo, kamar mai jiran mota a tasha. Har aka gama makaranta bai zo ba. Gwaggo Malsun, ƙanwar babanta, wadda ba ta da sana'a sai haɗa auren da ba a roƙe ta ba, ta jera mata maza: malamin makaranta, mai sayar da tayoyi, wani bazawari mai gonar tuffa. Dowon ta sha shayi da kowannensu, ta dawo gida ba ta ji komai ba sai ciwon ƙafa. Ta ce a ranta, to ko mata take so? Ta duba zuciyarta da gaske, nan ma shiru.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan damunta. Idan aka ce mata su koma nan, maza can, sai ta ji kamar ba a kira ta ba. Ta aske gashinta, ta sa wandon aiki, amma ba don tana jin ita namiji ce ba. Sai da ta haura arba'in ta gani a waya cewa akwai masu irin halinta, har da sunayen da suke kiran kansu. Ta karanta, ta rufe, ta sake buɗewa. Wata rana ta ji sunayen sun dace da ita, wata rana ta ce anya. Mutum ɗaya ta taɓa gaya wa.

"Baba, ni fa ina jin ba mace ba ce. Kuma ba namiji ba. Aure ma ba na jin zan taɓa so."

Tsohon ya ɗaga murfin madambaci, tururi ya rufe masa fuska.

"To. Wani ciwo yake sa ki?"

"A'a."

"Miƙo min faranti."

Da shanyewar jiki ta kama shi, ita ta yi masa wanka, ita ta yi masa aski, ita ta goya shi zuwa mota duk ranar asibiti. A waɗannan shekarun ba wanda ya zo ya tambaya ko aikin na ɗa ne ko na 'ya. Dangi ba su tuna akwai wannan tambayar ba sai ranar da ya mutu.

A gidan makoki ma'aikacin wurin ya tare ta da fara'ar da ake biyansa ya yi.

"Ina babban ɗan mamacin? Babu? To suruki fa?"

Ya ajiye kaya kashi biyu. Na maza baƙar kwat ce da ƙyallen da ake ɗaura wa shugaban makoki a damtse, wanda zai tsaya kusa da hoton mamaci ya karɓi gaisuwa, ranar fita kuma ya ɗauki hoton ya shige gaban gawa. Na mata baƙar doguwar riga ce da ɗan farin ƙyalle na maƙalawa a gashi. Dowon ta ɗauki kwat da ƙyallen damtse. Hoton nan take so ta ɗauka, ba ta taɓa son wani abu a duniya kamar haka ba.

Gwaggo Malsun ta dafe ƙirji.

"Ke 'yar nan, a gaban gawar ubanki ma? Gashin da za a maƙala ƙyallen ma kin aske, sai ka ce sojan da aka kora!"

Baffa Deoksu, ƙanin mamacin, ya matso. Ya zare ƙyallen damtsen daga hannun Dowon ya ɗaura wa ɗansa Sangil, wani mai tumbi da ke sayar da inshora a birni, wanda rabonsa da ganin tsohon tun yana tafiya da ƙafafunsa. Sangil ya gyara tsayuwa, ya ɓata fuska yadda ya ga ana yi. Masu gaisuwa suka riƙa zuwa suna durƙusa wa hoton, su juyo su riƙe hannun Sangil suna ba shi haƙurin rashin da bai yi ba. Dowon tana can tana raba miyar nama mai yaji, tana jin matan dangi suna auna ta da ido suna cewa da ta yi aure da yanzu akwai suruki.

Da safen fitar da gawa ta tsaya a gaban Baffa Deoksu, dangi duk suna tsaye.

"Baffa, a ba ni hoton. Shi kaɗai nake roƙo."

Ya dube ta daga askin har takalmi. Ya ga taro, kuma shi mutum ne da ba ya barin taro ya tafi a banza.

"To, gaya mana mu ji. Namiji ke ko mace? In namiji ne, faɗa da bakinki, ga hoto."

Shekara da shekaru ana matsa mata ta ce ita mace ce kamar kowace, ta ƙi, domin ba ta son ƙarya. Wannan ma ƙarya ce, ta sani sarai. Ta dubi fuskar tsohon a cikin gilashin hoton.

"Namiji ne," in ji ta.

Baffa Deoksu ya fashe da dariya, a gaban gawar yayansa, har yana dukan cinya.

"Kun ji ko? Malsun, ashe ɗa muka yi ba mu sani ba! Ke, wasa nake. Sangil, ɗauki hoto, rana tana yi."

Wasu suka tuntsire, wasu suka sunkuyar da kai, waɗannan su ne masu kirkin cikinsu. Dowon ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, kuma dariyar ba ita ta fi ƙona ta ba, abin da ya fito daga bakinta ne.

Kafin a wuce maƙabarta, al'ada ce a kai hoton ya yi bankwana da inda mamaci ya yi rayuwarsa. Motar gawa ta tsaya a bakin kasuwa, Sangil ya sauko rungume da hoton, dangi suka jeru a bayansa. Ya yi taku kaɗan, ya isa inda layi ya rabu biyu, ya tsaya yana waige-waige. Sai ya juyo ya nemo Dowon da ido, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, shagon nasa hagu ne ko dama?"

Dowon ta fito daga can baya, ta kama gwiwar hannunsa, ta juya shi hagu.