Waƙar da Aka Yi wa Ƙwai

Har yau in na ji ƙaurin ɓawon kwakwa a wuta, sai in gan ni a Itapuã, ƙauyen masunta a ƙasar bauta can ƙetaren teku, ina shekara shida, ƙafafuna binne cikin yashi mai ɗumi. Da magariba, in masunta sun ja kwale-kwalensu gaɓa, Kaka Tabawa takan hura wuta bayan bukkarmu, teku na ta numfashi a gefe. Ba ita ta haifi Innata ba. Jirgi ɗaya ne ya kwaso su daga ƙasar Hausa, wannan kuwa a wurinmu ya fi jini. Da ta tsufa, ubangidanmu ya bar mata renon yara.

A shekarun nan, bayan tawayen da bayi Musulmi suka yi a birni, takarda ɗaya mai rubutun Larabci ta isa a zane mutum har ya suma. Allo kam sai a mafarki. Toka ce allon Kaka. Ta zana baƙi da yatsa, mu kwaikwaya, ta shafe da tafin hannu, sannan a shiga tatsuniya.

Abin da ke ba Inna haushi shi ne ƙanena Tanko. Yaron da ko yaye shi ba a yi ba, sai Kaka ta ɗora shi a cinya ta cusa ɗan yatsansa cikin toka. Wata rana ma garwashi ya ƙona shi, ya bar masa tabo a manuniya.

"Haba Iya, jinjiri ne fa! Me ya sani?"

"Ke dai bar ni da mijina. Da toshen kunne kika haife shi?" Sai Kaka ta rage murya. "Yaran gidan nan ba sa daɗewa a hannunmu, kin fi ni sani. Yaushe zan jira ya girma?"

Inna ta juya fuska.

"Ga ta nan, ta ƙetaro ruwan gishiri ta iske ku," in ji Kaka.

"Ta zauna mu ji ta!"

Wai kififfiya biyu ne suka fito daga teku suka binne ƙwansu a yashi. Kififfiya kuwa ba ta zama ta ga 'ya'yanta, tafiya take yi. Ta farkon sai ta kwanta bisa raminta tana rerawa:

Ruwa na gaba, wuta na baya,
'ya'yan yashi, ku bi sanyi.

Ta biyun ta tuntsire da dariya. "Ƙwai kike yi wa waƙa? Ni sai sun fito zan koya musu." Ta koma ruwa, teku ya yi nisa da ita. Ranar ƙyanƙyasa 'ya'yanta suka hango hasken wutar mutane, suka nufe shi, tsuntsaye suka tsince su ɗaya ɗaya. 'Ya'yan mai waƙa ba su taɓa ganin uwarsu ba, amma ƙafafunsu da kansu suka juya wajen sanyi. Bayan shekaru suka dawo kan yashin da aka binne su.

"Ƙurunƙus kan kifin da ubangida ya cinye," in ji Kaka. Mu yi ta ƙyalƙyala dariya, Tanko na barci a ƙirjinta, ita kuwa ba ta fasa rera masa ba.

Bai cika shekara uku ba aka sayar da shi tare da wasu zuwa gonakin rake. Ba zan faɗi yadda Inna ta yi ba, don har yau ba na iyawa. Kaka ta rasu damina biyu bayan haka, Inna ta bi ta. Wallahi na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan, ina cewa ƙarya ce tsagwaronta.

Shekara goma sha biyar ta wuce. Ina tuyar ƙosai a bakin tashar jiragen ruwa a birni, sai wani saurayi ɗan dako ya sauke buhun sukari kusa da ni, ya zauna yana huci. Can na ji yana gunguni a maƙogwaro, babu kalma ko ɗaya, sautin kawai. Ƙosaina ya ƙone a kasko ina kallonsa. Da ya kai rabi, na ƙarasa masa: 'ya'yan yashi, ku bi sanyi.

Ya zabura. Na yi masa Hausa, bai ji ko kalma ba. Da yaren Fotugis na tambaye shi inda ya koyi waƙar.

"Ban sani ba. A bakina na tsince ta."

Na kama hannunsa na juya. Ga tabon nan a manuniya.

Waɗanda suka saye shi sun raba shi da suna, da harshe, da kamannin uwarsa. Abin da aka zuba masa tun bai san kansa ba ne kawai hannunsu bai kai gare shi ba. Yanzu in maƙwabta suka ji ina koya wa jaririyata baƙi tana tsotson yatsa, sai su yi dariya su ce me ta sani. Kawunta Tanko ke riƙe mata yatsa a cikin tokar.