Karen da na mayar saboda ziyarar Lahadi

Zaman kaso ba daɗi, kuma duk wanda ya ce maka ya saba ƙarya yake. Shekarun baya ne, lokacin da talabijin ba ta da labari sai yaƙin Iraƙi. Na kaɗe mutum da mota a Greensboro ta Amurka, ba ni da permi, wato lasisin tuƙi. Bai mutu ba, amma alƙali ya ba ni rabona.

Ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, Turancina na wurin aiki ne. Shi ya sa da aka ce ana neman masu horar da karnukan da za su yi wa makafi jagora, na ɗaga hannu don kawai in riƙa fita tsakar gida. Ni da a Maraɗi in kare ya shinshini wandona sai na canja shi. Aka miƙo mini ɗan kwikwiyo mai launin ruwan zuma, aka ce ɗaki ɗaya za mu kwana.

Na sha wuya. Na ware rigar salla na ƙulle a leda, in zan yi salla in sa karen a kejinsa. Baturiyar da ke koya mana ta ce ba duka, ba tsawa. Ni kuwa da tsawa aka rene ni, da ita nake renon 'yata. Abu ɗaya sai ka maimaita har bakinka ya bushe: tsaya a bakin matakala, kauce wa kujera, kada ka ja. Ranar da ya fara tsayawa da kansa, na rufe ido ya kai ni har ƙofa ban yi tuntuɓe ba. Tun shigata wurin, ranar na fara jin ni mutum ne.

Matata ba ta tuƙi. Yayanta Alhaji da ke McLeansville shi ke ɗauko ta da yarinyar ranar Lahadi. Wata ziyara na ba su labarin karen ina murna kamar sakarai. Yarinyar ta yi ta tambayata da Turanci ko yana da suna, ko zai gane ta. Sai Alhaji ya hango gashin kare a kafaɗata.

Ya ce, "Kaso ƙaddara ce, kowa na iya shiga. Amma kwana da kare, wannan kai ka zaɓa. Ba zan ƙara kawo yarinya ta rungumi rigar nan ba."

Na ce, "Alhaji, makaho zai yi wa aiki."

Ya ce makafin garinmu da yara suke yawo, ba su mutu ba. Matata ta sunkuyar da kai. Ban ga laifinta ba, a gidansa take zaune, kitso take yi tana ci da kanta.

Lahadi ta zo ta wuce ba su zo ba. Wata ma ta wuce. Na kira, matata ta ce mutanenmu a masallaci sun ji, har ana tsokanar yarinyar da 'yar mai kare. Sai na je na ce wa Baturiyar na fasa. Ta ce saura kaɗan ya gama, in yi tunani. Abokina, wani baƙin Ba'amurke da muke aikin tare, ya ce ni mahaukaci ne, wanda ya daina zuwa don kare zai samo wani dalilin. Ban saurare shi ba. Na miƙa igiya, na wanke ɗaki, na wanke kayana kaf, na aika a gaya wa Alhaji.

Lahadin nan tun hantsi na sa riga mai tsabta na zauna. Ana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Har aka rufe ziyara ba a kira ni ba. Da na samu waya, matata ta ce Alhaji ya ce ya ji, Allah ya yi albarka, amma hanyar ta yi masa nisa kuma mai ya yi tsada.

Ban ƙara ganin 'yata ba sai bayan na fito, ta yi tsawo, tana gaishe ni kamar baƙo. Yau in aka ce in faɗi darasi, ba ni da wani mai daɗi. Haƙurin da nake da shi kare ne ya koya mini, kuma na bayar da shi a banza. In na wuce Elm Street na hango makaho da karensa, tsallaka titi nake yi.

Can a kaso, washegarin Lahadin da na yi ta jira ba su zo ba, da safe na roƙi gardi ya ba ni sharar filin karnuka. Ina riƙe da tsintsiya aka fito da karen da na mayar, wani fursuna na riƙe da igiyarsa. Ya wuce dab da ƙafata bai waiwayo ba, don kare in yana kan aiki ba ya kula kowa. Ni na koya masa haka. Na ci gaba da shara.