Ranar da Inna Ba Ta Ce Da Sauƙi Ba

Waɗanda suka san Sadatu yanzu da take aji uku a jami'a suna cewa ba ta da magana. Da sun san ta a Argungu da ba su faɗi haka ba. 'Yar Dankure masunci ce, ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma ita kaɗai ce a gidan nan na bakin gulbi ta wuce sakandare. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai Uwata. Tun tana ƙarama, in ya zauna ɗinkin homarsa ta kamun kifi, ita ke zama gefensa tana zuba, shi kuwa sai gyaɗa kai. Ranar da sunanta ya fito a jami'a a Birnin Kebbi, mutumin da kan wuni bai yi magana biyar ba ya zagaye unguwa yana faɗa wa har waɗanda ba su tambaye shi ba.

Jami'a da layi ta tarbe ta. Layin rijista, layin hoto, layin ruwa a hostal. Zauren lakca kuwa in ba ka zo tun bakwai ba sai tsayuwa a taga. Turancin da take taƙama da shi a gida, har maƙwabta na kawo mata takardar asibiti ta karanta musu, a nan ya gaza, don malami na magana kamar ana korarsa. Tes ɗin farko na kemistiri huɗu ta ci cikin ashirin. Ta shiga banɗaki ta sha kukanta, ta wanke fuska, ta kira gida ta ce komai lafiya lau.

Wadda ta tsamo ta ita ce Nneoma, abokiyar ɗakinta, 'yar wani mai sayar da kayan gyaran babur a cikin gari. A Birnin Kebbi aka haife ta, Kabancin bakinta, wato Hausar yankin, ya fi na wasu 'yan gida. Ita ta koya mata cewa a nan ba a yi wa kowa kara, abin da aka liƙa a allon sanarwa shi ake nufi, ranar da aka ce ita ce ranar. Sadatu ta riƙe wannan da hannu biyu.

Ana cikin haka ƙafafun Dankure suka fara kumbura, ya daina shiga ruwa. Kullum bayan la'asar takan kira Inna ta tambayi jikin Baba, Inna ta ce da sauƙi. To, kowa ya san halin mutanenmu, ko mutum na gargarar mutuwa da sauƙi za a ce maka. Mai kunne yana sauraron abin da ke gefen maganar ne, da ranar da aka canza ta. Sadatu ta fi kowa sanin wannan, a cikinsa ta tashi.

Ranar wata Talata tana shagon hoton takardu, janareta na ruri, ana ture ta ta baya, ta sa wayar a sifika ta yi tambayar da ta saba.

"To, mun gode Allah, ɗiyata," in ji Inna. "Yaushe kuka samun hutu?"

Sadatu ta ce tana da tes na biyu ranar Alhamis, in ta rasa shi kwas ɗin ya tafi, amma Juma'a tana nan tafe. Inna ta yi mata addu'ar sa'a.

Nneoma da ke tsaye kusa ta taɓa hannunta. "Ba ta ce da sauƙi ba, Sadatu. Da ni ce, da na hau mota yau."

Abin ya yi wa Sadatu zafi. Wai ita za a koya wa maganar uwarta? Ta ce in da akwai wani abu ai da Inna ta faɗa, ta karɓi takardunta ta wuce. Tsakanin Birnin Kebbi da Argungu tafiyar awa guda ce, da ta je ta dawo a wunin Laraba. A ɗakin karatu ta wuni, kuma a ƙasan ranta tsoro ne fal, tsoron faɗuwa da tsoron abin da za ta tarar a gida.

Ranar Alhamis suka cika zaure tun tara, wayoyi a kashe. Sai sha biyu shugaban aji ya shigo ya ce malam ya yi tafiya, an ɗaga tes. Aji ya kaure da shewa. Ta kunna waya ta ga kiran yayanta Abbas har guda tara. Da ta kira, cewa kawai ya yi ta taho, ana nemanta a gida. Wannan kam ta gane shi tun bai rufe baki ba.

Mota ta ƙi cika a tasha. Ta isa bayan azahar, daidai lokacin da maza ke dawowa daga maƙabarta da ƙasa a ƙafafunsu. Da hantsi Dankure ya cika.

Sai bayan sadakar uku, da mata suka ragu, ta samu Inna ita kaɗai a ɗaki. Cikin kuka da fushi ta tambaye ta dalilin da ya sa aka ɓoye mata. Inna ta daɗe tana kallonta, babu faɗa a idonta, sai gajiya.

"Na hwaɗa miki ran Talata. Shina kwance nan kusa gare ni, shina saurare, ƙaƙa kika son in hwaɗe ta?"

Inna ta gyara mayafinta na takaba.

"Da nik kashe waya yat tambaye ni yaushe Uwata ka tahowa. Nic ce mai sai Juma'a. Yac ce to, za shi ƙoƙarta."