Sallar da Aka Mayar da Ni Baƙo a Doguwa

Mun tashi da asuba ranar jajiberin Babbar Sallah, ko addu'ar bayan salla ban ƙarasa ba saboda maƙwabcina na ta danna mini hon a ƙofar gida. Shi zai kai wa surukansa kayan Sallah a Tudun Wada, ni kuwa Doguwa na nufa, wurin aminina. Tare muka tashi da shi a garin Ƙofa, makarantar allo ɗaya, bulalar malami ɗaya. Da muka girma kasuwa ta ja ni Kano, shi kuma noman masara ya kai shi Doguwa ya zauna. Mun daɗe sai dai waya. Bana na ce ko ana ha-maza-ha-mata can zan yi Sallah.

Ba zan ɓoye muku ba, ba zumunci ne kaɗai ya tashe ni ba. An ɗan jima duk wayar da muka yi sai ya sako zancen wani mutumin Ɗansoshiya da gonarsu ke haɗe. Mutumina ya ce kaza, mutumina ya kawo kaza. To ni kuma mutumin wa? Na ce bari in je in ga ko har yanzu ina da wuri, ko kuwa an riga an zauna a kai. Kishi ne, na kuma faɗa da bakina. Duk wanda ya ce maza ba sa kishi bai taɓa yin aboki ba.

An yi ruwa kafin mu fito, hanya ta yi sanyi. Da muka shiga ƙasar Bebeji ko'ina ya yi shar, manoma sun duƙufa kamar ba gobe Sallah ba, don damina ba ta san hutu ba. Manyan motoci na ta wuce mu shaƙe da raguna, kowane rago ya leƙo da kai yana kallon garin da ba zai sake gani ba. A Kwanar Ɗangora, ƙasar Kiru, muka tsaya. Na taya wani rago don jin kasuwa, mai shi ya faɗi kuɗin da bara zai ba ka biyu har da igiya, na yi masa fatan alheri na wuce. Ga masu waina da ƙosai sun jeru, ƙamshi na ta dukan hanci, mu kuwa muna azumin Arfa. Maƙwabcina ya ƙura wa tanda ido, can sai ya tuna cewa shi matafiyi ne, kuma azumin ma na nafila ne. Ya ci wainarsa a gabana ba ko kunya.

A Tudun Wada muka rabu, na shiga motar haya. Direba ya ƙara kuɗi wai Sallah ce, ya kuma ƙara mutum, muka zama huɗu a baya, ga akuya a but tana ta ba da nata ra'ayi. Ana ta musu kan tsadar taki har muka shiga dajin Falgore, nan tsoron 'yan fashi ya yanke musun. Wata tsohuwa kusa da ni ta ciro carbi. Dajin yana da kyau, itatuwa sun yi duhu, iska mai daɗi, can gefe wani makiyayi tsaye da sanda a wuya, amma ba wanda ya saki jiki sai da muka fita. Daga nan duwatsu suka fara bayyana, ga rake da dankalin Turawa a bakin titi, masara ta kai gwiwa.

Na ɗauka aminina zan tarar a tasha. Sai ga wani dogo a kan babur ɗinsa yana washe baki, ya karɓe jakata yana sannu da zuwa Alhaji. Ba sai an faɗa mini ba, mutumin Ɗansoshiya ne. Tun daga tasha har gida ina bayansa ina neman aibinsa. Ban samu komai ba sai hularsa da ta karkace.

Tarbar da aka yi mini, ko surukin gida sai haka. An share ɗakin baƙi, an shimfiɗa sabuwar darduma, an turara. Aminina ya riƙe hannuna da hannu biyu, shi ma ya ce Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa rakiya ba. Da aka sha ruwa aka jero mini kwanuka masu murfi: kunu, ƙosai, tuwon masara miyar ɗanyar kuɓewa, da kaza guda. Ya zauna gefe yana tambayata ya Kano, ya kasuwa, ya iyali, na amsa, ya sake tambaya, na sake amsawa. Can ya ce bari ya bar ni in ci in huta. Yana fita na jiyo su a zaure shi da mutumin Ɗansoshiya, kwano ɗaya, suna faɗa kan wa ya cinye naman da ke cikin miya. Na dubi kazata, ita kaɗai ni kaɗai, na ji duk ta fita raina.

Da safe muka tafi idi a ƙafa, ana ta kabbara, yara sun sha sababbin kaya. Liman ya yi huɗuba kan layya, ya tuna mana cewa ba nama ko jini ke isa ga Allah ba, abin da ke zuciya ne. Na ji kunya, domin abin da ke tawa zuciyar a lokacin shi ne lissafin wa ya tsaya dama da aminina a sahu. Ba ni ba ne.

Wurin yanka abin ya kai ni maƙura. An kayar da rago, na naɗe hannun riga zan riƙe ƙafa, sai aminina ya tare ni, wai zan ɓata shaddata, a kawo wa Alhaji kujera. Aka dasa ni a inuwa kamar mai duba aiki. Mutumin Ɗansoshiya ya danne rago, jini ya fallatsar masa har gemu, aminina na ce masa raggo, ko kaza ba zai iya riƙewa ba, shi kuma yana ramawa. Uwargidan daga cikin gida tana ƙwala masa kira ya shigo da itace, ni kuwa gaisuwa ta yi mini daga bayan labule. Yara sun ɗare bayansa suna Kawu, Kawu, ni sai su durƙusa su ce ina kwana su ruga. Da hanta ta soyu, ni aka fara kawo wa a faranti har da tsinke. Su kuwa a kasko suke tsama hannu suna ƙonewa suna dariya. Wallahi da za a sayar da zagin nan da ake masa, da na saya.

Da yamma mutumin Ɗansoshiya ya zo ya zauna kusa da ni, wai don kada in yi kaɗaici. Ya ce ai ya san ni tun kafin ya gan ni, ya shiga ba ni labarin ƙuruciyata, har da ranar da jakin liman ya kayar da ni a kwata. Shi a ganinsa daɗi zan ji. Ni kuwa sai na ga an mayar da ni tatsuniyar da ake yi bayan an tashi daga gona. Abin haushin, mutumin kirki ne. Da mugu ne da na samu sauƙi.

Washegari aka sauke nama aka hau rabo. Aminina ya zaɓi cinya mai kyau, ya naɗe ta, ya kawo mini da hannu biyu yana ba da haƙuri wai ba yawa. Nan na kasa daurewa.

Na ce, "Ni ba cinya ta kawo ni ba, a Kano ma ana yanka. Tun da na zo ko tsinke ba ka aike ni ba. Me na yi maka ka mayar da ni baƙo?"

Ya tsaya da naman a hannu, ya dube ni. Sannan ya ce, "Ka sauko da farar shadda kana ƙamshi, na ga kamar ka wuce inda na san ka. Kunyarka na ji. Ina ta tsoron kada ka raina mana."

Can sai ya juya ya miƙa wa mutumin Ɗansoshiya cinyar, ya jawo kan ragon da ƙafafu da ba a samu an babbake ba, ya dire mini a gaba. Ya ce, "To tashi ka hura wuta, sakarai. In ka bar gashi ko ɗaya kai za ka ci abinka."

Haka na yi hantsi a bayan gida cikin hayaƙi, ina kankara ina hawaye, kuma ba duka hawayen ne na hayaƙi ba. Shaddar ta tashi daga aiki. Uwargidan ta leƙo ta ce in na gama in ɗebo mata ruwa, yara suka zagaye ni suna gyara mini aiki. Shi kuwa dogon yana zaune a kujerata yana dariya, da cinyata a gefensa.

A hanyar dawowa duk motar ƙaurin babbaka take, mutumin da ke kusa da ni ya leƙa da kai ta taga tun daga Falgore har Tudun Wada. A Kwanar Ɗangora na rama wainata. Na iso Kano bayan la'asar, mai ɗakina ta buɗe jaka ta ga kai da ƙafafu, ta tambaye ni ko faɗa muka yi. Na ce a'a, shiryawa muka yi.

Abin da na koyo, karramawa ma tana iya zama katanga, kuma in ba ka buɗe baki ba za a yi ta ɗora mata bulo ana ganin alheri ake maka. Na kuma ga yadda mutum zai tsaya a filin idi bakinsa na kabbara zuciyarsa na ƙirga wa ya fi shi wuri, Allah Ya yafe mana. Kishin bai tafi duka ba, har yanzu in na tuna cinyar nan sai na ji wani abu. Amma ko wanka ban yi ba waya ta yi ƙara. Aminina ne. Bai tambayi ya hanya ba, cewa ya yi in nemo masa taki in ɗora a mota kafin masara ta wuce, kuma ko don Allah bai ce ba.